Malafar da Yaya Bai Saka Ba

Mu bakwai Umma ta haifa, biyu daga ciki zabiya: Yaya, wanda shi ne ɗan fari, sai ni ta biyar. A Kurna muka tashi, cikin wani lungu da ba shi da nisa da Titin Katsina. Baba baƙi ne wuluk, Umma wankan tarwaɗa, saboda haka da aka haifi Yaya an daɗe ana ƙus-ƙus a dangi. 'Yan uwan Baba suka ce daga wajen Umma abin ya fito, na Umma suka ce su ba su gaji haka ba. Sai da na girma na san ba a haihuwar zabiya sai uwa da uba dukkansu suna ɗauke da ƙwayar gadon a jikinsu, ko da su baƙaƙe ne. Idan irin waɗannan suka yi aure, kowane ciki da aka samu yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo a zabiya. Ashe abin da aka yi shekaru ana turawa juna a gidanmu, kowane ɓangare da rabonsa a ciki.

Tsokanar yara, "ga Baturiya, ga Baturiya", da mai ciki da ke kau da kai idan ta hango mu don kada ta haifi irinmu, duk mun sha. Yana da ciwo, amma ba shi ya sa na zauna rubutu ba, don bai raba mu da kowa ba. Abin da ya raba mu da Yaya rana ce. Na san kwana idan ya ƙare ya ƙare, na yi imani da haka. Sai dai ajali da sanadinsa yake zuwa, kuma nasa sanadin mun yi shekara talatin muna kallonsa ba mu gane shi ba.

Ƙunar farko da nake iya tunawa ta Babbar Sallar 1998 ce, wadda ta faɗo cikin Afrilu, bazara ta kankama. Ina 'yar shekara takwas, Yaya yana da sha biyar. Na yi ta kuka sai an kai ni kallon Hawan Nasarawa, shi kuma ba ya iya jure kukana. Tun da hantsi muka samu wuri a bakin titi, ba inuwa ko ta sandar lantarki. Da Sarki Ado ya ƙaraso, Yaya ya ɗaga ni ya ɗora a wuyansa. Ni ban ga fuskar Sarki ba, idona ba ya kai nan. Laimar kawai na gani tana juyawa, ina jin algaita da ƙarar bindigogi, amma na dawo gida ina ba kowa labari kamar ni na riƙe linzamin. Sai bayan azahar muka shigo.

Duk tsawon tsayuwar nan ba abin da na ji ban da ƙishirwa. Da magariba fuskata ta fara raɗaɗi. Kafin asuba goshina da karan hancina da kafaɗuna sun ɗuri ruwa, zazzaɓi ya rufe ni, ko zani ya taɓa ni sai na yi ƙara. Ƙeyar Yaya kuwa ta yi jawur kamar an zuba mata tafasasshen ruwa. Umma ta kwana tana shafa mana man kaɗanya tana fifita. Bayan kwana huɗu fatar ta fara saɓa, muna zaune a zaure muna ɓare wa juna muna dariya. Kakarmu, Allah Ya ji ƙanta, ta leƙo ta ce, "Ku ƙyale su su riƙa shan rana. Fata sai da sabo, in ta saba za ta yi ƙwari." Ba mugunta ta sa ta faɗi haka ba, ta fi kowa son mu. Abin da ta sani ke nan, kuma a kansa aka rene mu.

Mutane suna ɗauka matsalar zabiya a fata ta tsaya. A ido ta fara yi mana illa. Sinadarin da ke ba fata launi, melanin, ido ma yana buƙatarsa tun jariri yana ciki kafin ganinsa ya ginu daidai. Shi ya sa idanunmu suke rawa, haske yake kashe mana su, ba ma ganin nesa. Yaya dogo ne, sai aka ajiye shi a bencin ƙarshe. Allo a wurinsa baƙin bango ne kawai. In an ce ya karanta ya yi shiru, a zane shi, a ce daƙiƙi ne. Yaron da ya haddace izu goma da ka a makarantar dare, shi ake kira daƙiƙi. A aji biyar ya ajiye jaka ya ce shi da boko har abada, Baba ya yi faɗa ya gaji. Ni Allah Ya haɗa ni da wata malama a aji biyu da ta lura ina manna littafi a hanci. Ta dawo da ni bencin gaba, ta ce duk lokacin da na ga dama in tashi in je jikin allo in kwafa. Bambancina da Yaya ke nan, ba ƙwaƙwalwa ba. Ni benci ya kai ni ga takardar NCE da aikin koyarwa a ƙarƙashin rufi, shi kuma nasa bencin ya kai shi bakin titi.

Baro ya saya. Da hunturu rake, da bazara mangwaro da kankana, da damina duk abin da ya samu. Ya yi asubanci ya tafi 'Yan Lemo ya saro, kafin hantsi ya kafa a bakin Titin Katsina, ba zai tashi ba sai an kira magariba. Shekara goma sha ya yi a haka. Da baron ya yi aure, da shi ya biya mini kuɗin jarrabawa.

Yaya ɗan gayu ne, ba ya fita ba hula. Yana da zanna kala-kala, yakan wanke su da kansa ya kifa a kan gwangwani su bushe. Amma hula me ta rufe? Tsakar kai kawai. Kunne a waje, ƙeya a waje, hanci da leɓe a waje. Ƙeyarsa tun bai kai ashirin da biyar ba ta yi kauri ta tsattsage kamar ƙasar fadama da rani. Baƙaƙen ɗigo suka fito masa a kumatu da bayan hannu, leɓensa na ƙasa kullum a fashe. Mu a wurinmu haka zabiya yake idan ya girma, don duk zabiyan da muka sani haka yake. Wata rana Baba ya dawo daga Kasuwar Kurmi da malafa mai faɗi, irin ta kaba, ya miƙa masa. Yaya ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya. Da Baba ya fita sai ya rataye ta a ƙusa ya ce da ni, "Ƙanwata, kallon da ake yi mini bai isa ba, sai na ƙara da malafa kamar mai kiwo ya shigo birni?" Na yi dariya. Wallahi na yi dariya, har na taya shi.

A 2013 wani ɗan ƙurji ya fito masa a saman kunnen dama. Bai kai ƙwayar gero uku ba. Ya yi ɓawo, ɓawon ya faɗi, ya ɗan yi jini, ya sake yin wani. Ba ciwo. Aka je kemis aka sayo man shafawa da kafso. Wata shida bai warke ba, shekara bai warke ba, sai faɗi yake, bakinsa ya tattaso ya yi tauri. Nan aka fara cewa daji ne, kuma kowa ya zo dubiya da maganarsa guda: daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe, in aka kai shi asibiti aka taɓa shi zai fusata ya bazu. Wannan magana, duk wanda ya tashi a Kano ya ji ta. Ita ta cinye mana shekara biyu. Aka yi ta sassaƙe da turare da garin shafawa, wani baƙi wani ja, wani in an barbaɗa sai Yaya ya ciji hannun rigarsa. Gyambon ya cinye rabin kunnen, ya fara wari. Ya koma naɗa ƙyalle a kai yana ɗora hula a sama, masu sayen kankana suka fara tsallake shi suna zuwa baro na gaba.

Sai a ƙarshen 2015, da kaluluwa ta fito masa a wuya kamar ƙwan kaza, ya yarda muka je Asibitin Malam Aminu Kano. Aka yanki ɗan nama aka kai gwaji. Ranar da sakamako ya fito ni na raka shi, matarsa tana da goyo. Likitan ya ce kansar fata ce, irin wadda ta fi kama zabiya a Afirka, kuma yawanci a kai da wuya take fitowa. Ya ce da tun tana ƙurji aka zo, aikin 'yan mintoci ne a yanke ta a ɗinke, mutum ya koma gida a ranar. Yanzu ta shiga kaluluwa. Yaya ya tambaye shi, "Likita, to me ya kawo ta? Ni ban taɓa shan ko taba ba." Likita ya ce, "Rana ce, Malam."

Na ce ai kowa yana shiga rana. Sai ya juyo ya ce, "Malama, miƙo hannunki." Ya sa na ɗan janye hannun rigata, ya ce in dubi cikin damtsena, sannan in dubi bayan hannuna. Ban taɓa haɗa su na kalla ba sai ranar. Cikin damtsen sumul, fari tas, kamar na jariri. Bayan hannun ya yamushe, ya yi ɗigo-ɗigo, ga wasu wurare biyu masu kaushi da in ka shafa sai ka ji kamar yashi. Ya ce, "Uwa ɗaya ta haife su, rana ɗaya, abinci ɗaya suke ci. Wannan ya ga rana, wannan bai gani ba." Ya taɓa wuraren masu kaushin da bakin bironsa ya ce, "Irin waɗannan wani lokaci su ne mafari. Kada ki bar su."

Bayanin da ya yi mana a ranar, da abin da na bi na karanta daga baya, shi ya rushe duk abin da na tashi da shi. Mu zafi muke gudu, alhali ba zafin ne ke ɓarna ba. A cikin hasken rana akwai wani haske da ido ba ya gani, fata ma ba ta jin sa lokacin da yake shigarta, ana kiransa UV. Mafi munin nau'insa rufin iskar ozon da ke sama ya tare shi, biyu ne ke isowa ƙasa. UVB shi ne kaɗan, wajen kashi 5 cikin 100, amma shi ke ƙona saman fata, shi ya sa muka ɗuri ruwa daren hawan nan. UVA shi ne mai yawa, yana nutsawa can ciki ya lalata zaren da ke riƙe fata, ta saki ta tsufa tun mai ita yana yaro, kuma yana ratsa gilashin taga. Kowace ƙwayar fata tana da rubutun gado a cikinta, DNA, wanda ke gaya mata yaushe za ta rabu biyu, yaushe za ta tsaya. Hasken nan yana gurɓata rubutun. Jiki yana bi yana gyarawa kullum, amma wani kuskuren yana kuɓuce masa ya zauna, gobe wani ya ƙaru a kai, shekara goma, ashirin, har a samu ƙwayar da ta manta yadda ake tsayawa. Ita ce ƙurjin kunnen Yaya. Ba a 2013 ya fara ba, a lokacin dai ya fito fili.

A jikin baƙin mutum melanin yana taruwa a saman rubutun nan kamar laima, ya shanye yawancin hasken kafin ya isa. Ƙwayoyin da ke yin sa mu ma muna da su, adadinsu kusan ɗaya da na kowa, aikin ne ba sa yi ko suke yi kaɗan. Don haka fatarmu ba ta da abin da za ta saba da shi. Kaurin da Kaka take gani ta ce ƙwari ne, tabon ɓarna ne.

Aka yi wa Yaya aiki aka cire kunnen da kaluluwar, aka tura mu Zariya gashi, wato ƙona sauran ciwon da na'ura. Baba ya sayar da filinsa na Bachirawa. Ya ɗan samu sauƙi wata uku, har ya fara maganar sayen sabon baro, sai abin ya dawo ta ƙasan muƙamuƙi. Umma, wadda saboda kunyar ɗan fari ban taɓa jin ta ambaci sunansa ba, ban taɓa ganin ta zauna kusa da shi a gaban mutane ba, ita ta koma wanke masa ciwon safe da yamma, ta kwantar da kansa a cinyarta tana kore ƙuda. Ya rasu cikin azumin 2016, a watan Yuni, yana da shekara talatin da uku, ya bar 'ya'ya biyu. Daga baya na ji cewa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 13 ga Yuni ta zama ranar wayar da kai game da zabiya, tun 2015 ake yin ta. Ta zo ta wuce muna zaune a kansa, ba mu ma san da ita ba.

Bayan arba'in na koma asibiti da kaina. Wuraren nan biyu na hannuna aka fesa musu ruwan naitirojin mai tsananin sanyi, suka ɗuri ruwa, suka bushe, suka faɗi. Bayan shekara biyu wani ya fito a gefen hancina, shi sai da aka yanka, ɗinki huɗu. An taɓa shi da ƙarfe, bai fusata ba, bai bazu ba, ga ni. Kunnuwana da wuyana kuwa lafiya lau, kuma ba dabarata ba ce, hijabi ne. Tun ina ƙarama yake rufe mini daidai wuraren da hula ta bar wa Yaya a buɗe.

Yanzu rayuwata da lissafin rana take tafiya. Ba agogo nake dubawa ba, inuwata nake dubawa: in ta fi ni gajarta, ba lokacin fitata ba ne. Daga ƙarfe goma zuwa huɗu, in ba dole ba, ina ƙarƙashin rufi. Wayata tana nuna ma'aunin UV, daga 3 ake cewa a fara kariya, 11 zuwa sama shi ne matuƙa, kuma a Kano da bazara ganin 11 da tsakar rana ba abin mamaki ba ne. Abin da ya fi ba ni wuya in yarda da shi damina ce. Sau biyu a shekara rana take tsayawa a tsakar kan Kano, wajen ƙarshen Afrilu da kuma cikin Agusta. Agustan nan da gari yake lumshe, iska na kaɗawa, kowa ya sake, gajimare marar kauri yana barin har kashi 80 cikin 100 na hasken ya wuce. Yaya ya fi son ranakun nan, yakan ce yau gari ya yi masa adalci, har ya naɗe hannun riga. Hazon hunturu ma ragewa yake, ba ya tarewa.

Kafin in sayi yadin hijabi sai na ɗaga shi sama a Kantin Kwari, in haske yana ratsowa na ajiye. Mai duhu mai saƙa a matse ya fi fari shara-shara, duk da ya fi zafi. Ina sa safar hannu da ta ƙafa da baƙin tabarau, ina riƙe laima ko ba hadari, masu kallo su kalla. Sai man kariya daga rana. Mai lamba SPF 30, wato ma'aunin ƙarfin kariyarsa, yana tare kusan kashi 97 cikin 100 na UVB, mai 50 kusan 98, kuma sai an duba wanda ke tare UVA ma. Ba a shafa shi sau ɗaya a ce an gama, duk awa biyu ake sabuntawa, in an yi gumi ko an wanke a sake. Mu da muke alwala, azahar ta wanke na safe, la'asar ta wanke na azahar, kwalba ba ta yi mini wata guda, ga tsada. A 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka man nan cikin jerin muhimman magunguna. Na ji daɗi, amma ina jiran ranar da mai tura baro zai same shi a asibitin unguwa kamar yadda ake samun gidan sauro. Man kaɗanya da basilin suna laushi, amma ba kariya ba ne daga rana.

Wani abu da ke ci mini rai, in ga yarinya baƙa kyakkyawa ta kashe kuɗinta a kan man bilicin. Sinadaran da ke ciki melanin ɗin suke hana fata yi. Laimar da Allah Ya ba ta kyauta take yagawa, wadda ni da ana sayarwa da na sayar da komai nawa na saya. Kwana kaɗan sai ka ga kumatun sun ƙone sun yi baƙi, ana cewa mai bai karɓe ta ba, alhali rana ce ta samu ƙofa. Baƙar fata ma ba ta hana komai da komai ba, hasken nan yana cikin abubuwan da ke kawo yanar ido ga kowa. Ba kuma cewa nake rana abokiyar gaba ce ba, da ita jiki yake haɗa bitamin D mai ƙarfafa ƙashi. Sai dai ɗan kaɗan ya wadatar, ba wuni a bakin titi ba.

Watannin baya wata abokiyar aikina ta ce ƙanwarta ta haihu a Rijiyar Lemo, yaron zabiya, uwar ta ƙi cin abinci sai kuka. Na ce ta kai ni barka. Muka tarar da ɗakin cike da mata. Na karɓi yaron, gashin kansa kamar auduga, yana ta runtse ido saboda hasken taga. Na juya masa baya ga tagar, sai ya buɗe su. Uwar tana kallona daga sama har ƙasa, na san so take ta ga abin da ɗanta zai zama. Ina cikin gaya mata ni malamar makaranta ce, ina da aure da 'ya'ya uku, sai wata tsohuwa daga bakin gado ta ce, "Ba komai, a riƙa fitar da shi hantsi yana shan rana, fatar za ta yi ƙwari, har ta ɗan yi duhu."

A tarbiyyar da aka yi mini ba a katse babba, balle a gidan mutane. Na ji jikina yana rawa. Na miƙa wa uwar ɗanta, na matsa gaban tsohuwar na durƙusa, na cire safar hannuna. Na ce, "Iya, ki gafarce ni, ba raini ba ne. Dubi nan." Na nuna mata bayan hannun, na janye riga na nuna mata damtsen, na ɗora yatsanta a kan ɗinkin hancina. Na ba ta labarin Yaya tun daga benci har kunne. Ɗakin ya yi tsit. Ta daɗe tana riƙe da hannuna tana jujjuya shi, sannan ta ce da wata yarinya, "Ke, saki labulen nan."

Ranar suna na koma da 'yar hula mai faɗin baki da riguna masu dogon hannu, na ce da uban idan yaron ya isa makaranta ya neme ni, ni zan je in yi magana da malamin ajin da bakina. Malafar Yaya kuwa tana nan a ɗakin Umma, a ƙusar da ya rataye ta. Na taɓa cewa ta ba ni in kai wa wani, ta ce in sayo wata a Kurmi, wannan a bar mata.